Filin Tambaya da Amsa: In kwashe kayan rage hayaƙi daga tsohuwar motata ko in bar su?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni huɗu na ware saboda duk abu ɗaya suke zagayawa, wato kayan rage hayaƙi da ke jikin tsofaffin motocin gudu masu ƙofa biyu ɗin nan. Na farkon zai ɗan ja mu, a yi haƙuri da ni.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina da MGB ƙirar 1978 irin wadda aka yi wa kasuwar Amurka, ta kawuna ce Allah ya jiƙansa, ta yi shekaru a ajiye an lulluɓe ta da tamfol kafin na tashe ta. Yanzu tana tashi tana tafiya amma gaskiya ba ta da kuzari ko kaɗan, in na taka totur sai ta daɗe kafin ta amsa, silo ba ya zama, ga wani irin zafi a ƙarƙashin bonet. Makanikena ya buɗe ya ce duk tarkacen nan su ne matsalar, fanfon iska da tiyoyi da gwangwanin gawayi da EGR da katalis, wai in bari ya kwashe su gaba ɗaya ya toshe ramukan motar za ta dawo da ƙarfinta na asali. Hankalina ya rabu biyu wallahi, ina son ta yi gudu kuma ba na so in ɓata abin da kawu ya bari. Me ka gani? Daga wani mai karatu.

AMSA: Allah ya jiƙan kawu ya kai haske kabarinsa. Ɗan'uwa, kar ka bari a kwashe, aƙalla ba yanzu ba, kuma bari in gaya maka dalili don kar ya zama na ce kawai. Ƙarfin da kake nema ba a cikin tiyoyin nan yake a ɗaure ba balle a ce in an yanke su zai kuɓuto. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

A 1970 Amurka ta yi wa dokarta ta tsaftar iska gyara mai tsauri, aka ce kamfanonin mota su rage wasu gubobin hayaƙi da kashi 90 cikin 100 a 'yan shekaru, a shekarar ce ma aka kafa hukumar kare muhalli ta ƙasar, wato EPA. Yawancin kamfanoni ba su da kwamfuta a mota a lokacin, ba sensa, kafireta ce kawai da distributa, to sai suka bi hanyar da suke da ita, suka rage matsin da fistin ke yi wa mai da iska a cikin silinda, suka ja taimin baya, suka rage man da kafireta ke bayarwa, wasu suka canza kamshaf. A nan ƙarfin ya zube, a cikin injin kansa. Ita MGB taka matsinta ya sauko daga 8.8 zuwa 8.0 tun farkon shekarun 1970, sannan a 1975 aka cire mata tagwayen kafireta SU aka sa guda ɗaya tal ta Zenith-Stromberg a kan wani manifol da ya haɗa hanyar shigar iska da ta fitar hayaƙi a ƙarfe ɗaya. Motar da a da take ba da ƙarfin doki wajen 95 ta koma ƙasa da 65, ga manyan bamba na roba da aka ƙara mata masu nauyi. Irin ta da aka sayar a Ingila ta ci gaba da tagwayen kafiretarta har aka daina ƙera motar a 1980. Ba MG kaɗai abin ya shafa ba, Corvette ta 1975 da injinta V8 ƙarfin doki 165 take bayarwa a ƙaramin samfurinta. Kuma akwai wani abu da ke rikita mutane, daga 1972 Amurkawa suka canza yadda suke auna ƙarfin inji, suka koma aunawa da salansa da komai a jiki, don haka wani ɓangare na faɗuwar a takarda ne kawai.

To ka ga ko makanikenka ya kwashe komai ya jibge a ƙasa, fistin ɗin nan dai su ne, kafireta ɗayar nan ita ce, manifol ɗin shi ne. Doki 30 ba za su dawo ba.

Yanzu mu ɗauki kayan da ya lissafa maka. Gwangwanin gawayi shi ne ya fi ba ni tausayi, don kullum shi ake fara yarwa alhali ko ƙwayar ƙarfi ba ya ci. Aikinsa ya kama tururin fetur da ke tashi daga tanki da kafireta in mota na tsaye, in an tashe ta inji ya zuƙe ya ƙona. In ka cire shi fetur ɗinka ne zai dinga bin iska, gareji ya cika da wari, kuma tururin fetur a rufaffen wuri kowa ya san abin da tartsatsi ɗaya zai yi. A MGB ta shekarunka ma akwai ƙarin magana, akwai wani ɗan bawul da aka haɗa da gwangwanin wanda ke hana inji ci gaba da kakkarwa bayan an kashe makulli, masu cirewa da yawa sai su dawo suna cewa mota ta ƙi mutuwa, sun manta su suka cire mai kashe ta. Haka tiyon numfashin inji, wanda ke kwashe iskar da ta kuɓuce ta gefen ringi ta gangara wajen baƙin mai, in aka toshe shi matsi zai taru a ciki ya dinga turo baƙin mai ta gasket da sil, man kuma ya yi saurin lalacewa. Wannan tun farkon shekarun 1960 ake sa shi a motoci kuma alheri ne ga inji.

EGR ɗan bawul ne da ke mayar da hayaƙi kaɗan cikin silinda don ya rage zafin ƙuna, saboda in zafin ya yi yawa sosai sinadarin naitirojin na cikin iska yana haɗuwa da oksijin su ba da gubar da ke cin huhu. Abin da mutane ba su lura ba shi ne, in lafiyarsa ƙalau a rufe yake lokacin silo, kuma a rufe yake in ka take totur har ƙasa, a tsaka-tsaki kawai yake buɗewa, don haka ba shi ke hana ka gudu ba. Amma fa in baƙin hayaƙi ya daskare a bakinsa ya maƙale a buɗe, silo zai dinga rawa mota ta dinga mutuwa a tsaye, wato daidai abin da ka kwatanta min. Maganinsa a kwance a wanke. In aka toshe shi kuma aka bar sauran saiti yadda yake, wasu injinan sai su fara wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani in ana hawan tudu, wannan ƙarar mai ne ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba kuma in ta daɗe tana iya cinye fistin.

Fanfon iska shi kam gaskiya yana cin ƙarfi tunda bel ke juya shi, amma ɗan kaɗan ne, ba za ka ji bambanci a kujera ba. Iska yake hurawa a bakin hanyar hayaƙi don ragowar man da bai ƙone ba ya ƙarasa ƙonewa, kuma katalis irin na wancan zamanin yana buƙatar iskar nan kafin ya yi aikinsa sosai.

Sai katalis ɗin kansa, wato gwangwanin da ke kan hanyar salansa mai ƙone gubar hayaƙi kafin ya fita, wanda 'yan gareji ke ce wa indomi. A nan ne kawai zan ce wataƙila makanikenka yana da gaskiya rabi. Katalis mai shekara sama da 40 yana iya toshewa ko cikinsa ya narke ya dunƙule, kuma in ya toshe mota za ta zama kamar mutumin da aka toshe wa hanci aka ce ya yi gudu. A MGB an ɗora shi ne dab da kafireta a ƙarƙashinta, in cok ɗinta mai aiki da kansa ya maƙale yana ta zuba mai fiye da kima, ɗanyen man a cikin katalis yake zuwa ya ƙone har ƙarfen ya yi ja, zafin da kake ji a bonet ina kyautata zaton daga nan yake, kuma wannan ba abin wasa ba ne, fetur a sama garwashi a ƙasa. Amma ka lura, a nan katalis ba shi ya yi laifin ba, shi aka yi wa. Abin da ke kashe shi ɗanyen mai ne daga fulogin da ba ya kawo wuta ko kafiretar da ta ɓaci, ko baƙin mai da inji ke sha, ko ruwan lagireto da ke shiga silinda, a da can kuma har da fetur mai dalma, wanda Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayarwa a 2021. In ka cire shi ba ka gyara kafireta ba, man dai zai ci gaba da zuba, sai dai yanzu a hancin na bayanka zai ƙare.

Ga abin da zan yi da motar a hannuna take. A fara canza duk ƙananan tiyoyin roba, don robar da ta shekara 40 ta bushe ta tsage tana shan iska ta gefe, rabin rashin zaman silo a tsofaffin motoci daga nan ne. A buɗe saman kafireta a duba faifan robar nan na ciki a ɗaga shi a haske, ɗan huji kamar na allura ya isa ya sa mota ta ƙi amsa totur. A duba cok, a wanke EGR, a sa sababbin fulogi da wayoyinsu, a gyara tazarar bawul, a saita taimin da fitila kamar yadda takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet ta ce, ba da kunne ba. A auna matsin kowace silinda. Shi kuma katalis kar a yanke masa hukunci da ido, a sa agogon auna zuƙar iska a manifol a riƙe inji a wajen juyi 2,500 a minti, in allurar tana ta sauka a hankali to hanyar hayaƙi a toshe take. In ya tabbata ya mutu sai a sa sabo, na zamani cikinsu kamar saƙar zuma ne hayaƙi na wucewa cikin sauƙi, kusan ba sa rage komai. Bayan duk wannan ka tuƙa ta wata guda. Ba za ta zama jirgi ba, ba a ƙera ta haka ba, amma mota mai doki 60 da 'yan kai da ke aiki daidai daɗin tuƙinta daban ne da wadda kake fama da ita yanzu, wadda ƙila ko 45 ba ta bayarwa. Kuma kar ka ga laifin makanikenka da yawa, akasari ba mugunta ba ce, tsarin ne ba su saba da shi ba, abin da mutum bai gane ba kuwa cirewa ta fi masa sauƙi. Ka nemo masa littafin gyaran motar mai zanen hanyoyin tiyo ku zauna tare.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Mijina yana da Mazda MX-5 ta 1997, kwanaki aka cire mata katalis aka sa bututu miƙaƙƙe wai don ta ƙara ƙara da gudu. Tun daga nan wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji da ke gaban direba, ba ta mutu ba, kuma ni duk ranar da muka fita da rufin a buɗe sai na dawo da ciwon kai da tashin zuciya, kayana duk warin hayaƙi. Shi ya ce sabo ne zan saba. Don Allah akwai haɗari?

AMSA: Ƙanwata akwai haɗari, kuma ba abin da ake sabawa da shi ba ne. Ki nuna masa wannan shafin. Warin da kike ji ɗanyen fetur ne da bai ƙone ba, amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba ki ji, iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau 200 da wani abu, ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne alamunta na farko. Katalis mai lafiya in ya yi zafi yana ƙone mafi yawanta kafin ta fito. Mota mai buɗaɗɗen rufi kuma iska tana naɗowa ne daga baya ta dawo cikin mota, shi ya sa gashi ke yin gaba ba baya ba, to hayaƙin salansa ma hanyar yake bi musamman a cunkoso. A duba kuma ko inda aka yi waldar bututun yana yoyo a ƙarƙashin kujera. Kar ki ƙara shiga, kar a sa yara, sai an gyara, kuma kar a bar ta tana aiki a rufaffen gareji ko na minti kaɗan. In ciwon kan ya ƙi tafiya bayan kin sha iska, ko kika ji numfashi na yi miki wuya, ki je asibiti ki faɗa musu hayaƙin mota kika shaƙa.

Maganar wutar cek mai sauƙi ce. Daga 1996 motocin kasuwar Amurka suna da tsarin OBD-II wanda kwamfutar mota ke gano matsala da shi, akwai sensa ɗaya kafin katalis ɗaya bayansa, kwamfutar mota tana kwatanta su biyun, in ta ga abin da ya shiga shi ne ya fito sai ta gane ba a tace komai ba ta kunna wuta, yawanci lambar P0420 na'ura za ta nuna. Illar barin wutar a kunne ita ce ranar da wata matsala ta gaske ta taso ba za ku sani ba, tunda dama kullum a kunne take. Gudun da aka ce ta ƙara kuwa, a ƙaramin inji irin wannan da ba a taɓa cikinsa ba mafi yawansa a kunne ne, ƙara ce ta ƙaru sai mutum ya ji kamar gudu ne. In ƙara yake so akwai salansar baya da ake canzawa a bar katalis a wurinsa.

Wani abu kuma, mijinki ya tambaya ina tsohon katalis ɗin da aka cire. A cikinsa akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ɓarayi ke shiga ƙarƙashin motoci suna yankewa a ƙasashe da dama. Duk wanda ya ce maka a cire kuma bai miƙo maka abinka ba, ka tambaye shi.

TAMBAYA: Malam ni a Amurka nake zaune, na ji ana cewa mota in ta wuce shekara 25 doka ba ruwanta da hayaƙinta, kana iya cire abin da ka ga dama. Haka ne?

AMSA: Ba haka ba ne Alhaji, an haɗa maganganu ne daban-daban aka dama. Shekara 25 ɗin nan ta shigo da mota ce daga waje wadda ba a ƙera ta bisa ƙa'idar kariya ta Amurka ba. Gwajin hayaƙi kuma kowace jiha da nata, wasu suna yafe wa tsofaffin motoci, wasu ma ba sa yi kwata-kwata. Kalifoniya ta yafe wa masu fetur ƙirar 1975 zuwa baya, amma daga 1976 zuwa sama sai an gwada, kuma ba hayaƙi kawai suke aunawa ba har buɗe bonet suke su ga ko kayan suna nan, in za ka canza katalis ma sai wanda hukumar iskar jihar ta amince da shi. Sai dai yafe gwaji daban, halatta cirewa daban. Dokar tarayya ta hana cire ko kashe kayan rage hayaƙi a motar da ke hawa titi, gyaran 1990 ya faɗaɗa hanin ya hau kan kowa har mai motar ba gareji kaɗai ba, kuma ba ta ce in mota ta tsufa an ɗage ba. Masu karatunmu na wasu ƙasashe kowa ya duba tasa dokar, a Ingila misali motar da ta haura shekara 40 ana yafe mata gwajin shekara-shekara ne da sharaɗin ba a yi mata babban sauyi ba.

TAMBAYA: Na lura kai kullum a bar su a bar su kake cewa. Ni ina da Porsche 911 ta 1976 mai injin 2.7 kuma duk wanda ya san motar nan ya san abin da tukunyar ƙona hayaƙin nan ta yi wa injinanta. Ita ma in bar ta ta ƙarasa min inji?

AMSA: Ranka ya daɗe a nan kam ka kama ni da gaskiya, kuma na ji daɗin tambayar. Ba duk abin da aka ƙera a shekarun nan ne ya yi kyau ba. Wasu 911 na Amurka tsakanin 1975 da 1977 an sa musu wasu tukwanen ƙarfe a bakin silinda inda hayaƙi ke ci gaba da ci da wuta, a injin da iska ke sanyaya shi ba ruwa ba, ga gangar injin ta maganiziyam ce mai laushi in ta sha zafi, sai dogayen kusoshin da ke riƙe kan silinda su dinga zarewa daga mazauninsu, baƙin mai ya fara yoyo, inji ya tsufa tun bai kai ko'ina ba. Kamfanin da kansa ya bar tsarin, 911 SC ta 1978 da gangar alminiyam ta zo, ta Amurka kuma da katalis. Don haka ba zan ce maka tukunyar nan alheri ce ga injinka ba.

Abin da nake ja a kai shi ne a cire a bar wurin fayau. Inda dokar wurinka ta ba da dama, hanyar da ta fi ita ce a maye gurbinta da abin da ya fi ta tsafta da sanyi, a sa hanyar hayaƙi mai kyau da katalis na zamani, a saita tsarin mai da na'urar auna hayaƙi ba da ƙiyasi ba, a ƙara wa baƙin mai abin sanyaya shi, kuma in an buɗe injin a sa wa ramukan kusoshin nan hannun riga na ƙarfe. In kana inda ake buɗe bonet a duba, to ka fara tambayar masu gwajin me suka yarda da shi kafin ka kwance ko noti ɗaya, kar ka kashe kuɗi mota ta zo ta kasa samun takarda. Kuma duk abin da ka cire, tukunyar da fanfon da bawul da ƙananan maƙalai, ka ɗauki hotonsu a jiki tukuna, ka rubuta wa kowane tiyo inda ya fito, ka zuba a kwali ka ajiye a busasshen wuri. Da yawansu an daina ƙera su, kuma mai sayen irin motarka yakan tambayi kayanta na asali kafin ya tambayi fenti.